Gadon Amarya na Kyanwar Goggo

Kunne na fara gani. Raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ta tsaya a bakin layinmu don ba ta iya shiga baƙar lakar damina, Goggo ta sauko rungume da wani jan akwati, kuma ta inda zif ɗin ya lalace sai ga farin kunne guda a tsaye, yana juyawa hagu da dama kamar mai neman tashar rediyo. Kowa ya ruga ya rungume Goggo ana kuka. Ni ina tsaye da laka har idon sawu, kunnen nake kallo, zuciyata tana gaya mini cewa labari ya shigo gidanmu.

Goggo yayar Babana ce. Ta yi aure a Khartum tun ba a haife ni ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana aiki a ƙasar waje. Daminar shekarar da yaƙi ya ɓarke ta fito da abin da hannunta ya iya ɗauka: taub-taub ɗinta na yafawa, butar jabana ta dafa gahawa, mabuɗin gidanta, da farar kyanwa da take kira kadisa kawai, yadda Larabawan nan suke kiran kowace kyanwa. Aka sauke ta a ɗakina, ɗakin ciyawa mai tsini irin na garinmu Gadarif. Ta ajiye akwatin a buɗe a gindin gado, kyanwar ta miƙe a kan tufafin da ke ciki, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ido. Tun daga ranar ba ta taɓa yin barci a wani wuri ba. Goggo kuwa ba ta cire komai daga akwatin ba sai butar jabana da taub guda, wanda take wankewa ta tsaya ya bushe ta mayar, don sauran suna ƙarƙashin kyanwa.

Muna zaton gajiya ce. Sai wani direban lori maƙwabcinmu ya ce da zarar hanya ta bushe, aka fara yankan riɗi, zai gwada sa'arsa ya nufi Khartum. Goggo ta ce da ita za a tafi. Gidanta yana can ba kowa, ita ba ta zo zama ba. Duk mun san labaran da ke zuwa daga hanyar nan, akwai waɗanda suka bi ta ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Baba ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah, ya ce Yaya ki dubi girman iyayenmu. Amma ƙane ba ya hana yayarsa tafiya, sai dai ya yi ta zarya a tsakar gida yana jan carbi da ƙarfi.

Wata rana da la'asar, muna zaune a rumfa, Goggo ta nuna ɗakin da ludayin suyar gahawa ta ce dabba ta fi mutum sanin inda gida yake.

"Kadisar nan ta san a kan hanya muke, shi ya sa ba ta fita daga akwati. Wallahi ranar da ta yi barci a wani wuri, ranar zan kwance kayana. In ba haka ba, ina cikin lorin nan."

Ta faɗa a gaban Baba da Umma da ni, kuma Goggo ba ta rantsuwa a banza. Baba ya dubi Umma, Umma ta dube ni. Haka ran Goggo ya koma hannun kyanwa, kyanwar kuma aka miƙa mini.

Dalilin da ya sa ni, a gidan an san ni da karatu. A makaranta Larabci muka yi, amma wata hajiya 'yar Kano da ta taɓa sauka gidanmu kan hanyarta ta Makka ta bar mana kwali cike da littattafan soyayya na Hausa, waɗanda ake sayarwa a kasuwanninsu, masu hoton budurwa ta yi tagumi a bango. Da baƙaƙen da muka koya a ajin Turanci na koya wa kaina karanta su, na karanta har bangonsu ya fita. Daga cikinsu na san duk abin da na sani game da zuciya. Don haka da na zauna na yi wa kyanwar kallon tsanaki, nan da nan na gane ta. 'Yar masu hali ce da duniya ta juya wa baya, ta faɗo gidan talakawa, tana riƙe da ajinta don shi kaɗai ya rage mata. Irin wannan ba a shawo kanta da dole. Ana kawo mata abin da ya dace da darajarta, sannan a yi haƙuri.

Na gwada kwali da tsumma don kawai in tabbatar. Ko kallonsa ba ta yi ba, na ji daɗi, domin da ta karɓa da ta ba ni kunya.

Sai na tafi kasuwa layin masu angarib, wato gadon katako da ake saƙa wa igiya, wanda a kansa ake haihuwarmu, a kansa muke aure. Na tsaya wurin wani dattijo da kowa ke kira Usta, matarsa ta rasu, gemunsa kullum da ɓurɓushin katako. Na yi masa bayani. Ya ce ya yi wa amare gado, ya yi wa majinyata, ya yi wa liman, kyanwa ce dai bai taɓa yi wa ba, kuma shi ba ya aiki da ka, sai ya zo ya auna ta.

Ya zo da zaren awo. Kyanwar ta ƙi a taɓa ta, sai ya auna akwatin. Goggo tana daga bakin ƙofa ta ce a Khartum ko ɗan koyo ya san tsawon kyanwa ba sai ya auna ba. Usta bai ɗago kai ba ya ce, to Hajja, a Gadarif muna auna abu kafin mu yanke, shi ya sa gadajenmu ba sa rawa. Ta ce ta kwana a kan na gidan nan, rawarsa ta fi ta 'yan biki. Ya tambaya wa ya saƙa shi. Baba ya ce ai kai ne. Aka ba shi gahawa.

Ni na zaɓi fasalin gadon, kuma na amarya na zaɓa: ƙafafu masu zobe-zobe, jan fenti, saƙa mai tsauri, sai dai tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ranar da za a kawo shi na kai wa Usta farin ƙyalle na ce ya lulluɓe shi, domin a littattafaina kyauta ba ta zuwa tsirara, sai an yaye ta a gaban mai ita. Ban tuna cewa a garinmu angarib shi ne makara ba. Usta ya saɓo ɗan ƙaramin gado lulluɓe da fari a kafaɗa, yana tafe a hankali saboda santsi, kansa a ƙasa yana duba inda zai taka. Tsofaffin da ke zaune a inuwar masallaci suka miƙe suka bi bayansa suna salati. Wani mai shago ya rufe shagonsa ya shiga sahu. Usta yana jin takun mutane ya ɗauka hanya ce ta haɗa su. Da suka iso ƙofar gidanmu wani ya kama hannun Baba yana ba shi haƙuri, Baba yana amsawa da amin don bai san me aka yi ba. Sai da na yaye ƙyallen. Kowa ya ga gado ne, ba kowa a kai. Wani tsoho ya tambaya ko mai gadon tana raye, aka ce tana ciki tana barci, ya ce to alhamdu lillahi, tunda an taru a kawo gahawa.

A wurinmu ba a hawa sabon gado sai an yi masa turare. Wannan ba abin tambaya ba ne, kamar wanke hannu ne kafin cin abinci. Umma ta kawo kasko, ta zuba sandal a kan garwashi, ta tura shi ƙarƙashin gadon, ta rufe da bargo don hayaƙin ya kama igiya. Ta yayyafa humra a ƙafafun. Muka shimfiɗa 'yar jar tabarma irin ta amare, muka juya shi ya fuskanci alƙibla. Na ɗauko kifi na yi wa kyanwar jagora daga akwati zuwa rumfa. Ta taho tana rangaji, jela a sama, daidai yadda na karanta. Saura taku kaɗan ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta yi atishawa, ta sake yi, sannan ta koma da baya da baya ba tare da ta juya ba har cikin akwati.

Umma ta ce laifinmu ne, mun yi rowa. 'Yar Khartum ce, ta saba da turare mai tsada, ta ji namu ta raina. Washegari aka ninka.

Labari ya zaga unguwa. A makarantar da ke bayan layinmu akwai iyalai da yawa da suka gudo daga Khartum, kuma da yawa daga matansu da haɗa turare suke neman abin sawa a baka. Kowace ta zo da nata haɗin a ƙullin leda, kowace tana cewa na wadda ta riga ta ne ya kori kyanwar. Wata ta ce a sa miski. Wata ta ce a haƙa rami a tsakar gida a yi wa gadon hayaƙin itacen ɗalha, yadda ake yi wa amarya kafin biki, aka kuwa haƙa, gadon ya zauna a kan rami lulluɓe da bargo yana gumi. Ƙamshinsa ya kai ga in ka shigo layinmu idonka na ruwa. Abokan Baba a kasuwa suka tambaye shi ko ya bar sayar da dawa ya buɗe shagon turare. Wata yarinya da aka sa ranar aurenta ta aiko a ara mata gadon ya kwana cikin kayanta. Kyanwar kuwa ta daina bi ta rumfa gaba ɗaya, in za ta fita sai ta haura katanga ta zagaya ta bayan gida.

Ni ban zauna ba. Na koma ga littattafaina na fito da dabaru. Na ce a nuna mata akwai mai son abin da ta ƙi, aka kamo muzurun maƙwabta aka ɗora a kan gadon. Ya yi tsalle guda ya haye rufin kicin, ya kwana biyu bai koma gidansu ba. Na ce a yi mata kyauta ba tare da an nuna wanda ya bayar ba, aka dinga ajiye soyayyen kifi a tsakiyar tabarmar. Sai ta riƙe numfashi, ta fizgo kifin, ta kai shi cikin akwati ta ci a kan taub ɗin Goggo na zuwa biki. Na ce a share ta, kowa ya yi kamar bai san da gado a gidan ba, muka wuni muna zagaye shi muna kallon sama. Har karanta mata na yi, na zauna kusa da akwati na karanto inda saurayi yake tsaye cikin ruwan sama a ƙofar gidansu budurwa. Ni na yi hawaye, ita ta lashe ƙafarta. Baba da kansa, mutumin da ba ya wasa, ya durƙusa ya ɗora kansa a kan gadon ya rufe ido don ya nuna mata yadda ake yi. Ƙamshin ya hau masa kai, sai da aka ɗaga shi aka ba shi ruwa.

Usta shi ma yana da nasa ra'ayin. Ya ce igiya ce ta yi tsauri, ya zo ya sassauta. Bayan kwana biyu ya ce ta yi sanyi, ya zo ya ɗaure. Duk zuwan da zai yi sai Goggo ta fito da kayan gahawa ta zauna tana gaya masa inda ya yi kuskure, shi kuma yana gaya mata cittarta ta yi yawa, yana miƙa finjali a ƙara masa. Ban ga komai a wannan ba. Ba wanda ya sunkuyar da kai, ba wanda ya yi ajiyar zuciya, ba wanda ya kwatanta idon wani da madara. Na ɗauka mutum biyu ne da jininsu bai haɗu ba.

Ana haka ganyen riɗi ya fara yin rawaya a gonakin hanyar Ƙala'at an-Nahal, aka fara neman masu yanka. Direban ya leƙo ya ce Hajja a shirya. Baba ya rage cin abinci. Umma ta ce ta gaji, turarenta na ajiya ya ƙare, ta ɗauki gadon ta jefa bayan kicin inda muke tara itace. Nan ruwan ƙarshen damina ya same shi, irin ruwan Gadarif da ke zuba kamar an kifar da tulu. Ya jiƙe, ya sha laka, rana ta busar da shi, jan fentin ya koɗe, tabarmar kuwa akuyarmu ta cinye rabinta. Na wuce na gan shi na ji tausayinsa, kamar saurayin da aka ƙi ya bar aski.

Akuyar nan dai ita ta cinye igiyar 'yar kujerar da Goggo ke zama a kai in za ta soya gahawa. Goggo ta duba ba ta ga abin zama ba, ta jawo gadon daga cikin itace, ta kakkaɓe shi da gefen taub ta zauna. Ta ce aƙalla dai ya yi amfani guda kafin ta tafi. Kwanakin da suka rage a kansa take zama safe da yamma, har igiyar ta lotsa ta ɗauki siffar zamanta.

Ana gobe tafiya, da la'asar, muna zaune a rumfa. Usta ya zo, wai ya duba igiya, ko da yake ba wanda ya kira shi. Goggo ta tashi ta shiga kicin ɗauko citta. Sai ga kyanwar ta diro daga katanga, ta ratsa tsakaninmu kamar ba mu nan, ta shinshina gadon, ta hau, ta zagaya, ta kwanta a cikin lotsawar da ɗumin Goggo bai gama fita ba. Carbin Baba ya tsaya a hannunsa.

Goggo ta fito ta tsaya a kanta.

"Ke, tashi. Wurina ne."

Kyanwar ta rufe ido.

Baba ya ce a hankali, Yaya, barci take yi. Goggo ta ce rufe ido ba barci ba ne, ita ma tana rufe ido in Usta yana magana. Usta ya ce shi shaida ne kunnen ya daina juyawa. Ta ce wa ya sa shi shaida, mutumin da ya jawo wa gida 'yan jana'iza. Umma ta sa hannu a baki. Muka zauna mu biyar muna kallon cikin kyanwa yana hawa yana sauka, gahawa tana ƙonewa a kan wuta ba wanda ya motsa, har ta mirgina ta baje ciki sama, ƙafa ɗaya a rataye a gefen gadon amarya. Goggo ta ce ita barcin dare take nufi, na rana kowa ma yana yi inda ya ga dama. Ta ja buhun gawayi ta zauna a kai ta sake ɗora wata gahawar.

Da asuba na farka na ga akwatin a buɗe, ba kowa a ciki sai tufafi da gashi. Goggo tana zaune a bakin gado da mabuɗin gidanta a hannu. Ɗaki ɗaya muke kwana, barcina kuma nauyi gare shi, kowa ya sani. Da ta so, da ta fita ta ɗauko kyanwar ta mayar cikin akwati, ba wanda zai taɓa sani. Da lorin ya yi hon a bakin layi, ta ce in je in gaya wa direba Allah ya kiyaye hanya. Kafin in dawo ta fito da taub-taub ɗin duka tana jiƙa su a baho, tana faɗa cewa an mayar mata da kayan biki kwandon mai kifi. Mabuɗin ta zura a zare ta rataya a wuya.

Direban ya dawo bayan makonni, a ƙafa, ba lori, bai kai ko rabin hanya ba. Da ya shigo gaishe mu Baba ya tashi ya fita bayan gida ya daɗe.

Har yau ba mu daidaita a kan abin da ya shawo kan kyanwar ba. Umma ta ce turaren ne sai a lokacin ya gama shiga igiya, har ta ɗauko kasko washegari za ta ƙara masa na murna, Goggo ta tare ta ta ce wanda ya kusanci gadon nan da hayaƙi ita da shi ne. Usta ya ce sassautawarsa ta ƙarshe ce. Ni na ce haka yake a kowane littafi, budurwa ba ta ganin saurayi sai ya tsiyace kuma wata ta zauna a inda ya kamata ta zauna.

Da hanya ta buɗe bayan shekara biyu, Goggo ta je Khartum a bas, ta bar mana kyanwar. Ta tarar da gidan ba ƙofar da za a sa wa mabuɗi. Ta yi mako guda ta dawo da turmin gahawarta na ƙarfe, wanda ta tono a ƙarƙashin ɓaraguzan kicin. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aurenta da Usta, ni ce kuma ta ƙarshe da ta sani a gidan. Da na tambaye ta tun yaushe, ta ce ke da kike karanta littattafai.

Yanzu tana sayar da gahawa a gaban shagonsa a layin masu angarib, kuma in ka tsaya za ka ji tana gaya masa saƙarsa ta karkace, yana gaya mata citta ta yi yawa. Ya saƙa mata kujeru ƙanana sun fi a ƙirga, duk wadda ta zauna a kai, da ta tashi zuba wa wani gahawa, kyanwar ta haye. Ranar da na je ta ƙarshe na same ta zaune a kan jan akwatin nan, kujeru a jere babu kowa a kansu, kyanwar tana gefe a tsugune tana jira ta tashi.